Shawul ɗin da Lucy Ta Bari

Karshi, watan Yuni

Zuwa ga 'yata Kindness,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin naki, yaya nauyi? Yaya mijinki Elvis da aikinsa, yaya kuma sanyin Bukuru? Ina fata ƙafafun sun daina kumbura. Ni lafiyata lau, sai gwiwar nan da kika sani, ita kam ba ta da niyyar sallama ta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Godfrey direba alhali ga waya. In na kira ki, daga tambayar ko na ci abinci sai ko na sha magani, kafin in haɗa abin da nake son faɗa kati ya ƙare. Ga shi tun rasuwar mamarki bakina ya yi nauyi. A takarda babu mai katse ni.

Maganar shawul ce. Kin tambaye ni ko yana nan, farin yadin nan da mamarki ta fara yi wa ɗinkin fulawa bayan bikinki, don a naɗe jikanta na fari a ciki ranar miƙa shi a coci, kamar yadda uwarta ta yi miki. Yana nan. Na same shi a ƙasan akwatinta, allurar ma tana soke a inda ta tsaya. Ta gama gefe biyu, jan fure da koren ganye. Sauran gefe biyun ta zana su da shuɗin fensir, ba ta kai ga ɗinkawa ba.

Na ce miki zan ba wata ta ƙarasa. To, na fasa. Na kai har ƙofar Maman Gift, maƙwabciyarmu mai saƙa kayan jarirai, sai na ji ba zan iya miƙa shi ba. Na gaishe ta, na tambayi lafiyar kajinta, na dawo da abina a hammata. Ni zan ƙarasa shi. Ki yi dariyarki, na san sai kin yi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana murza sitiyarin motar ma'aikata ai ba zai kasa bin layi ba. Mamarki ta riga ta shata hanya, nawa bi ne kawai.

Jan zaren ya ƙare, na hau mota zuwa Masaka na sayo wani. Mai shagon ya ce oga, madam ce ta aiko ka? Na ce eh, ban ga amfanin dogon bayani ba. Da farko a baranda nake zama, amma 'yan acaba suka fara rage gudu suna kallona, sai na koma falo kusa da taga. Yatsuna sun sha suka. Ɗinkina bai kai nata kyau ba, amma yana kan layi.

Abin da ban iya faɗa miki a waya shi ne, ina ɗinkin ina yi mata magana. Inda ta cunkusa ganye da yawa sai in yi mata ƙorafi, in ce ai da gangan ta yi don ta wahalar da ni. Ina ba ta labarin unguwa, wanda ya haihu, wanda ya tashi, kuɗin tumatir. Gidan nan ya yi mini girma, Kindness, amma in ina kan layinta ba na jin haka sosai.

Ki gaida Elvis da iyayensa. Ki riƙa ɗora ƙafa a kan kujera. Ubangiji ya sauke ki lafiya.

Babanki,
Obadiah Yamusa

Karshi, watan Agusta

'Yata Kindness,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki, da Elvis. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan ya hana mu sakat, hanyar kasuwa duk ta zama taɓo. Jikina da sauƙi.

Abin da na faɗa miki a waya a taƙaice, ga shi dalla-dalla, don ba na so ki ɗauka sakaci na yi.

Na kusa gama gefe na uku sai na ɗaga shawul ɗin a hasken taga, na ga duk inda hannuna ya bi ya yi dauɗa, ga ɗigon jini nan da can. Na ce wannan ba abin da za a naɗe jariri a gaban jama'a ba ne. Na ɗebi ruwa mai ɗumi, na sa sabulu mai kyau, na jiƙa shi a bahon mamarki, na ce bari ya ɗan tsima kafin in dawo daga karɓo magani. Ko cuɗawa ban yi ba don kada in ji masa ciwo.

Da na dawo ruwan ya yi ja. Zaren da na sayo a Masaka ashe mai zuba ne, ya bi farin yadin ya ɓata shi, har furannin da ta gama da hannunta. Wannan ma da sauƙi. Na shanya shi ina neman gefe na huɗu, babu komai a wurin. Shuɗin fensirin nan irin na teloli ne, an yi shi ne don ruwa ya ɗauke shi bayan an gama aiki. Kowace mace a unguwar nan ta san haka. Ni ban sani ba. Zanen mamarki, ganyenta, furenta, duk na wanke su da hannuna na zubar a kwata.

Maman Gift ta zo ta duba. Ta ce ai Lucy ba ta taɓa ɗinki da jan zare ba sai ta jiƙa shi a ruwan gishiri tukuna, me ya hana ni tambaya? Da ta ga fuskata sai ta karɓi shawul ɗin. Ta sa lemon tsami, ta sa abin da ta sani, jan ya koma ruwan hoda ya tsaya a nan. Ta ce za ta iya zana mini wani furen a gefen da ya goge. Na yi mata godiya na ce ta bari. In ta zana, layin wa zan bi?

Kin ce mini ba komai Baba, Elvis zai sayo wani a kasuwa. Na san don ki kwantar mini da hankali kika faɗa, amma maganar ta tsaya mini a wuya. Ke an naɗe ki a aikin hannun kakarki. Ɗanki kuma za a ciro nasa daga leda, saboda ni.

Na ninke shawul ɗin na mayar akwati. Yanzu in na sha shayi da safe sai in zauna kusa da tagar, hannuna ba komai. Na gwada yi wa mamarki magana haka nan, abin ya ƙi, sai na ji kamar mai surutu shi kaɗai a tasha. Ranar Lahadi in an tashi sujada a coci kowa ya gaishe ni, kowa ya kama hanyar gidansa. Ina kewarta ƙwarai, fiye da watan da muka binne ta.

Shekaranjiya na tarar an ajiye mini ƙunshin ulu da tsinken saƙa a bakin taga. Na san aikin wace ce. Ban taɓa su ba.

Ki gaida mutanen gida. Ki yafe mini.

Babanki,
Obadiah

Karshi, watan Oktoba

'Yata Kindness, uwar Serah,

Barka, barka da sauka lafiya. Godiya ga Ubangiji da ya raba ku lafiya. Yaya jego, yaya jaririya, tana kama nono? Elvis ya turo hotonta, na kai wa Maman Gift ta buɗe mini shi da girma. Goshin namu ne, ba gardama. Ki gaida surukarki, ki ce na gode da wankan da take yi miki.

Godfrey zai ba ki leda tare da takardar nan. Kafin ki buɗe, ki karanta.

Ulun nan ya yi kwanaki a bakin taga har na ji kunyar ruwa ya taɓa shi. Na ɗauke shi zan mayar wa Maman Gift, ta ce in zauna tukuna, ta sa mini tsinke a hannu. Haka aka fara. Kullum bayan azahar ina gindin mangwaron gidanta tare da matan zumuntar coci masu koyon saƙa. Sun ce saura su yanka mini zanen anko in riƙa bin su waƙa. Ni dai ban kula su ba, ko da yake wani lokacin ina ramawa.

Saƙa ba kamar ɗinki ba ce. Babu layin da wani ya shata maka, kuma dole ka riƙa ƙirga idon saƙar, in ka yi magana lissafi ya ɓace sai an warware. Wata rana na zauna tun rana tana tsaka har ta yi sanyi, na tashi na kama hanyar gida, sai a bakin ƙofa na tuna ko sau ɗaya ban yi wa mamarki magana ba. Na tsaya da makulli a hannu na yi kuka, ban san ko na laifi ba ne ko na sauƙi. Washegari na koma gindin mangwaron.

Shawul ne a ledar, ruwan ƙwai, don shi ne ulun da ya samu. Za ki ga gefe ɗaya ya tsuke, ɗayan ya buɗe. Farkon na saƙa shi hannuna a ƙage, kamar mai ɗaure kaya a bayan mota, daga baya hannun ya saki. Akwai rami guda da ban san inda ya fito ba. Maman Gift ta ce in warware farkon in sake, na ƙi, lokaci ya ƙure. Na wanke shi, bai zuba ba, wannan karon sai da na tambaya.

In kin ga bai dace da gaban coci ba, ba zan ji haushi ba. Ki naɗe ta da shi daga ciki, ki rufa na kasuwan a sama, babu mai gani. Ni dai ya taɓa jikinta. Zan biyo motar Godfrey ranar Asabar kafin miƙawar, ki tanadar mini bargo.

Abu ɗaya nake roƙonki. Na san halinki da tausayi, in Serah ta girma ta tambaya za ki so ki ce mata kakarta ce ta saƙa. Kada ki faɗa. Lucy ba ta taɓa yin aiki mai rami ba, kada a ɗora mata nawa. Ki ce mata kakarta ta fara mata wani mai kyau, kakanta ya ɓata shi, sai ya je ya koyi wannan.

Ki gaida Elvis. Ki sumbaci goshin nan a madadina.

Babanki mai ƙaunarki,
Obadiah Yamusa