Lukumanu Yana Kano

Litinin, 7 ga Maris, 1983
Malaminmu ya kai mu ziyara gidan yari, mu 'yan shekara ta biyu a sashen nazarin laifuka. Wa zan gani a tsakar gidan? Lukumanu, ɗan Inna Balaraba maƙwabciyarmu a unguwar Adjamé, wanda tun bara ake ce mana yana Kano wajen kawunsa. Ya rame. Muna haɗa ido ya juya baya.

Laraba, 9 ga Maris
Na nemi izini na koma. A wani sito aka kama shi, bakin tashar jiragen ruwa ta Treichville, wai buhunan shinkafa sun ɓace. Har yau ba a yi masa shari'a ba, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya ce nasa ne. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Asabar, 12 ga Maris
Ashe Inna ta sani. Ta tura ƙofa, ta ce gara ya daɗe a can da unguwa ta ji, ga ƙanwarsa Hasana ana neman aurenta. "Ke kin yi boko, Tabawa, amma mu a nan za mu zauna." Na ce ban shiga jami'a don in taya kowa ƙarya ba. Magana ta kai kunnen Baba, yau ko gaisuwata bai amsa ba.

Juma'a, 18 ga Maris
Lauyar da ke koyar da mu ta ce ana iya sakinsa kafin shari'a, in wani nasa ya zo ya tsaya masa. Mutum ɗaya tak. Ba zan bari kunya ta ruɓar da shi a can ba.

Talata, 29 ga Maris
Kullum sai na leƙa ɗakin Inna kafin in tafi makaranta. Na ishe ta, haka nake so.

Alhamis, 14 ga Afrilu
Ta zo! Ta lulluɓe fuska, muka zagaya ta Treichville muka hau jirgin ruwa don kada 'yan unguwa su gan mu. A gaban alƙali ta faɗa: "Ɗana ne, ni na haife shi."

Asabar, 16 ga Afrilu
Ya fito. Na biya kasuwa na sayi kilishi da sabuwar hula na damƙa masa a hanya, don dai kawai ba a dawowa daga tafiya babu tsaraba. A bakin layi matar Nomau mai shago ta tare ni, wai yaya Lukumanu ya baro mutanen Kano. Na ce duk suna gaishe ta.