Jamus ɗin da Muka Kai Baba

Salt, Jodan
Ranar Asabar

Zuwa ga yayana Nizar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hiyam da yara, ya kuma sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya ƙalau. Ciwon bayan maigidana Usama ya yi sauƙi, 'yarmu Tala ta fara koyon tuƙi, duk unguwa an shiga taitayi. Ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe kuwa zullumin jarrabawa ya hana su cin abinci, kullum sai na lallashe su kafin mu buɗe littafi. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana.

Ka tuna bara, da ɓarin jikin Baba ya shanye, muka ga gidana a hawa na huɗu ba zai yiwu ba, ga surukata Inna Widad a ɗakin da ya rage. Ka ce in duba gidajen kula da tsofaffi, tunda ni ce malama, na saba ba da maki. Na ɗauki abin da gaske. Gida biyar na zaga a Amman da littafina, ban taɓa sanar da zuwana ba, don na san irin sharar da muke yi a makaranta ranar da sufeto zai zo. Lokacin abincin rana nake faɗawa. In shinshina baranda, in dubi farcen tsofaffin, in girgiza ƙarfen riƙewa na banɗaki, in tambayi mai shara shekararta nawa a wurin, domin inda ma'aikata ba sa daɗewa akwai dalili. Wanda na zaɓa, har yau ban ga aibinsa ba. Wata bakwai Baba ba gyambon kwanciya, maganinsa a kan lokaci, zanin gadonsa fes.

Abin da ban rubuta a littafin ba shi ne abin da ni da kai muka ƙulla. Kai ka kawo shawarar, ni na amince, ba zan ɗora maka kai kaɗai ba. Ka ce mutanen Salt ba za su bar mu da baki ba in suka ji 'ya'yan Abu Nizar sun kai ubansu gidan tsofaffi, don haka a ce ka ɗauke shi zuwa wurinka a Jamus neman magani. Muka rufe gidansa, muka karɓe wayarsa da sunan likita ya ce ya huta. Ni da nake tsayawa gaban yara arba'in ina yi musu wa'azin gaskiya, ni ce nake tsayawa wurin mai burodi ina ba da labarin likitocin Jamus.

A gidan nan kowane tsoho da ranar Juma'arsa. Harabar takan cika da jikoki da kwanukan abinci, wasu ma abokansu na da ne suke zuwa a buga tawula, wani wasa mai kama da dara. Baba ni kaɗai yake da, sai Usama in ya samu sarari. Maƙwabcin ɗakinsa, wani tsohon direba mai barkwanci, Abu Fadi, ya gano zancen, ya sa masa suna Bajamushe. Kullum da safe sai ya leƙo ya tambaye shi ko ƙanƙara ta sauka a ɗakinsa. Da farko Baba yakan rama, ya kira shi mai kashe fasinja. Daga baya ya daina. Ma'aikaciyar da ke kula da shi, Mirbat, ta ja ni gefe ta ce jikinsa lafiya lau, amma yakan wuni bai yi magana goma ba, ta tambaye ni ko mutumin nan ba shi da abokai ne. Na ce sun yi nisa. Tafiyar minti arba'in ce, Yaya.

Ka san Baba da shafin rasuwa na jarida. Ranar Laraba a nan ya ga sunan Abu Saƙir, amininsa na shekara hamsin, wanda ya riƙe masa hannu a bakin kabarin Mama. Da aka kira ni na je, na tarar ya sa kaya da hannu ɗaya, maɓallai a karkace, jan rawaninsa ya zame gefe, yana zaune a keken guragu a bakin ƙofa. Bai yi kuka ba. Ya dube ni ya ce, "Rabab, daga Jamus zuwa Salt awa nawa ne?" Shugabar gidan ta ce ƙa'ida sai da izinin wanda ya sa hannu a takardun Baba, wato kai, ta kira ka a gabana. Na ji amsarka. Ka ce a bari sai mako mai zuwa, a ce lokacin ya sauka daga jirgi. Zaman makoki kwana uku ne, kai ma ka sani. Jiya, rana ta uku, na sa hannu da sunana na ɗauke shi.

Usama ne ya tura shi zauren dangin mamacin, ni na shiga wajen mata. Ya ce da suka shiga, duk zauren aka miƙe. Saƙir, ɗan mamacin, ya durƙusa ya sumbaci kan Baba, ya ce mahaifinsa har ya kwanta ciwo yana cigiyar lambar Jamus, ƙarshe ya ce Abu Nizar ya samu Turai ya manta da su. Da wannan ya tafi. Aka zuba wa Baba gahawa. Sai wani dattijo ya tambaye shi yaya ƙasar, yaya Nizar. Baba ya ajiye kofin, sannan ya ce, "Akwai sanyi. Amma yaron yana kula da ni, Allah ya yi masa albarka."

Ban san an yi haka ba a lokacin. Ni ina can ciki, Ummu Saƙir, matar mamacin, ta riƙe hannuna tana yi mini godiyar wahalar jirgi da muka sha, sai na kasa jurewa. Na gaya mata komai a gaban mata kusan talatin, har sunan gidan da lambar ɗaki. Ba ta zage ni ba, ta dai saki hannuna. Kafin mu shiga mota maganar ta isa wajen maza. Mutum huɗu sun ce za su je ganinsa ranar Juma'a mai zuwa. Na mayar wa Baba wayarsa. Taka ma za ta yi ta ƙara kwanakin nan, ina roƙonka ka ɗauka, kada ka bar ni ni kaɗai da su.

Ka gaida Hiyam, ka shafa mini kan Yazan da Lujain, ka ce gwaggonsu tana jiran hoton sakamakonsu. Usama da Tala suna gaisuwa, haka Inna Widad. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya juya fuskarsa bango. Da na so in rubuta cewa yana gaishe ka, amma na gaji.

Ƙanwarka,
Rabab