Ɗigon da Na Sa a Ƙasa

Ƙuba, Madina

Ƙanwata Lami,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Ki ce mata ina cin abinci. Lafiyata ƙalau, gajiya ce kawai: da rana shagon dabino, bayan La'asar ajin rubutun Larabci na ado.

Kin tuna katun ɗin Japan na ɗaliban zane masu son yarinya ɗaya, wanda kike kallo kina hawaye ina miki dariya? To, na daina dariyar.

Abokina Abdulazeez, Bahaushe haifaffen nan, yana son Wafa'u, wata Bahaushiya a ajin mata. Hannunsa bai faɗa ba tukuna, sai ya roƙe ni in rubuta sunanta ya kai mata a matsayin aikinsa. Ban gaya masa ni ma ina sonta ba. Kwana uku ina ƙawata shi, ashe na sa ɗigon harafin fa a ƙasa, irin rubutunmu na allo. A nan sama ake sawa.

Tana dubawa ta ce masa, "Wallah wannan ba hannun ɗan Madina ba ne. Ka gaida mai shi."

Shi da kansa ya kawo mini gaisuwar, ya ajiye takardar, ya canza tebur. Sati biyu ke nan ba ya amsa mini sai da Larabci.

Ki aiko mini da alƙaluman kara ta hannun masu Umara. Kar Inna ta ji wannan. Kullum da reza nake kankare kuskure, Lami, amma wannan ɗigon kam na kasa.

Allah Ya yi miki albarka.

Yayanki,
Jibril