Kaset ɗin da Kika Ɗumama

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga mahaifiyarta, a durƙushe, kamar yadda kika koya mini. Ina fata kina cikin sauƙi da yalwa a makwancinki. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Jikarki Halima ma lafiya, har ta aurar da ɗiya.

Dalilin wannan takarda, kwanan baya wasu ƙananan malamai mata suka zo gaishe ni. Suna karatun ƙarin sani a kan koyarwa da na'urorin zamani, ga goyo, ga girki, ga maigida. Suka ce in faɗa musu dabarar da na yi a zamanina har na haɗa karatu da gida. Ni dai ban san wata dabara ba, ke na sani. Shi ya sa na ce bari in faɗa miki, su kuma su saurara daga gefe.

Kin tuna shekarar da aka kira ni Madawa, farkon shekarun tamanin. Ina ƴar ƙaramar malama ta wucin gadi a lakwal ɗin Tama, wato makarantar boko, ba takarda, kowace shekara sai in an ga dama a sake ɗaukata. Aka buɗe horo na wasu watanni don malaman da za su koyar da Hausa, a koya musu aiki da manyeto, wato akwatin nan mai ɗaukar magana a kaset, da manyan zane-zane na liƙawa a allo. Wanda ya ci, an tabbatar da shi malami. Wanda ya faɗi ko ya yi fashi, ya koma gida, wurinsa kuma a ba wani. Na tafi da tsohon ciki, maigidana yana Abijan wajen biɗa, kamar rabin mazan Adar.

Jarrabawar ƙarshe darasi ɗaya ce. Kowa zai ɗauko muryoyin mutanen garinsu a kaset, ya haɗa da zanensa, ya koyar da yara a gaban masu dubawa. Ni na zaɓi albasa. Da na zo hutu gida na sauka fadama da manyeton lakwal a kaina, ina haki, ina bin masu lambu rijiya rijiya. Na ɗauki ƙarar guga, na ɗauki bayanin tsofaffi, har waƙar da suke yi in suna ban ruwa. Ke ma na roƙe ki ki sa baki, tunda duk Tama an san fangalinki. Kika ja mayafi kika ce muryar mace ba ta shiga akwati ta tafi yawon duniya. Ban sake tambaya ba.

Sai haihuwa ta zo kafin lokacin da muka zata. Halima ta faɗo a ɗakinki ana tsakiyar ɗari, jarrabawa kuwa tana cikin kwanakin wankan jegona.

Inna, har yau in na tuna bakin matan unguwarmu sai raina ya sosu. Haihuwar fari, ɗanyen jiki, wai za ta hau mota ta tafi boko! Gwaggon maigidana ta zo takanas ta zauna a tabarmarki tana lissafa matan da sanyi ya shiga jikinsu suka kumbura saboda sun yi wasa da wanka. Wallahi da ba don idonki ba da na ba ta amsa. Ina kwance ina jin su, hawaye na bin kunnena, na riga na sallama aikin a zuciyata.

Ba ki yi gardama da kowa ba. Bayan suna kika wanke babbar tukunyar wanka, kika ɗaure ta da igiya, kika cika buhu da ganyen sabara, kika ƙulle kanwa da yaji a tsumma. Abin da kika faɗa wa Baba ke nan: «Wanka ba shi san gari ba. Inda wagga ta tahi, can za a yi shi.» Kika bar irin albasarki a fadama, ya kai dashe, muka hau babbar mota, ke da tukunya a baya, ni da jaririya a gaba.

Ɗakin da na kama a Madawa ko rabin naki bai kai ba. Babu gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi irin na gida, sai kika sa kaskon garwashi kusa da inda nake kwanciya. Kullum da sassafe kin riga kin hura wuta, ruwa na zaɓalɓala. Ki tsoma ganye ki fyaɗa mini a baya, in yi ƙara, ki ce in rufa miki baki maƙwabta na ji. In sha kunun kanwa, in ba Halima nono, in ɗauki takarduna in tafi jiki na tururi. Abokan karatuna maza suna ta tsokanata wai ƙamshin sabara ke shiga aji kafin ni. In an fita shan iska in ruga gida in shayar, in komo. Da la'asar wani wankan, sannan zane. Sau nawa na yi gyangyaɗi a kan takarda, alli mai launi a hannuna, kika zare ta a hankali don kada in tumurmushe ta.

Ke da manyeton kuwa kun yi zaman doya da manja da farko. Ba kya taɓa shi, in za ki yi shara sai ki kewaye shi. Amma kina kallon yadda nake lallaɓa shi, ina lulluɓe shi da zane, kina kuma kallon yadda nake ciro pil ɗinsa, waɗannan ƙananan duwatsun da ke ba shi wuta, in shanya su a rana don su ƙara ƙarfi. Kowa haka yake yi a lokacin, har masu rediyo a kasuwa.

Ana saura kwana kaɗan jarrabawa, gari ya waye da wani irin sanyi, rana ta ƙi fitowa sosai. Na tafi aji na bar kayana a gida. Kika duba kika ga ba ranar da za ta ɗumama mini pil, kika ce bari ki taimake ni. Kika jera su a gefen kasko. Kika ga kaset a kusa, kika ce ai shi ma ɗan ɗakin ne, a ɗakin mai jego kuwa ba a barin komai ya sha sanyi. Kika jingina shi da kaskon, har kika juya shi don ɗaya gefen ma ya samu.

Da na dawo kika nuna mini da murna. Na ɗauke shi, ya lanƙwashe, zaren ciki ya manne wuri ɗaya. Na gwada sa shi a manyeto ya ƙi shiga. Na zauna a ƙasa. Raina ya ɓaci, Inna, ya ɓaci ƙwarai, amma da na ɗaga kai na ga fuskarki sai kuka ya zo mini maimakon magana. Fadamar Tama duka tana cikin abin nan, ni kuwa ba halin in koma in sake ɗauka. Na ce miki shi ke nan, mu ɗaure tukunya mu tafi gida, bakin gwaggo ya kama ni.

Kika goya Halima, kika fita, kika dawo. Sannan kika tambaye ni, kina kallon bango: «Mi aka hwaɗi ciki?» Na ce maganar noman albasa. Kika ce: «Albasa ɗai?» Na ce ita kaɗai. Kika ce in tashi in samo wani kaset.

Mushen, wato malamin da ke kula da kayan horon, mutumin kirki ne. Ya ji bayanina, ya kama baki don kada ya yi dariya, ya ba ni wani kaset, ya ce na lakwal ne, in an gama a mayar tare da manyeto kamar yadda kowa ke yi.

Da yamma, kafin wanka, na ajiye akwatin a gabanki na danna. Zare na ta juyawa, ke kuwa shiru. Na kashe, na sake dannawa, shiru. Gumi ya tsattsafo miki cikin wannan sanyi. Kika ce ke ba ki iya magana da akwati, ba shi da ido, ba shi amsawa. Na ce to Inna, ki yi da ni.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba. Ni ce ƴar farinki. Tun da na yi wayo ba ki taɓa kiran sunana ba, sai «wagga». Ba ki taɓa zama kin yi hira da ni ba, aike ne ko faɗa, shi ma a taƙaice. Ƙannena suna hawa cinyarki, ni sai wajen kaka. Na san kunya ce, na san al'ada ce, ban taɓa zargin ba kya sona ba. Amma sani daban, kewa daban, kuma na yi kewarki muna gida ɗaya.

Ranar kika gyara zama kika fuskance ni. Kika fara da yadda ake zaɓen uwar iri, da yadda ake yafa shi a rufe da kara. Kika ce in ɗiyan albasa suka kai tsawon yatsa a cire su da safe ƙasa na da laima. Kika yi ta kwatanta dashe da hannu a kan tabarma, kin manta akwati ba ya gani. Kika faɗi lokacin da ake rage ruwa, da yadda ganye ke kwantawa da kansa in ta nuna. Muryarki ta saki. Daga nan, ban san yadda aka yi ba, kika shiga labarin shekarar da kike ɗauke da cikina kina jan guga, da yadda kike kwantar da ni a inuwar wani gawo a bakin lambu, da ranar da na yi rarrafe na tumɓuke miki fangali guda kina ban ruwa, kika rasa ko ki doke ni ko ki yi dariya. Kika yi dariyar a nan gabana. Ko a nan ba ki faɗi sunana ba. Amma ni kike kallo, da ni kike magana, kuma ba ki taɓa yin mai tsawon wannan da ni ba, kafin ranar ko bayanta.

Ranar jarrabawa kika zauna a gindin bishiya a wajen aji da Halima a baya. Na liƙa zanena, na danna, muryarki ta cika ɗakin. Ta taga na hango ki kin ja mayafi kin rufe fuska. Yara suka yi tsit, wata ƴar yarinya ta ce kamar kakarta. Na tsayar da shi daidai inda maganar albasa ta ƙare, sauran ban ba kowa ya ji ba. Masu dubawa suka ce darasin ya yi, sai dai zanena na rijiya ya karkace. Na ci, Inna. Na mayar da manyeto da kaset kamar kowa, kaina cike da murna, a zatona muryarki abu ce da zan yi ta ji duk lokacin da na so.

Muka cika arba'in a Madawa, kika ɗaure tukunyarki. A Tama irinki ya riga ya tsufa a wurin, shekarar nan ba ki ga albasa ko ta miya ba. Ba ki taɓa ambata mini ba, a bakin Baba na ji. Aka tura ni wani ƙauye wajen Ibohamane, damina biyu bayan nan zazzaɓi ya ɗauke ki, kafin saƙo ya iso ni an riga an kai ki.

Bayan an share makoki na hau mota na tafi Madawa. Mushen nan yana nan, ya gane ni, ya ce mini: «Ke ce mai ɗumama kaset.» Na ce uwata ce, kuma ta rasu. Ya yi mini ta'aziyya, ya shiga ya yi ta bincike har ya fito da shi. Ya ce sai dai in yi haƙuri, kaset ba su da yawa, kowane rukuni a kan na baya yake ɗauka. Muka sa. Muryar wani saurayi ce, yana koyar da lissafi da duwatsu. Na ce a bar shi ya yi ta tafiya. Na zauna na saurari lissafin nan tun daga farko har ƙarshe. Saurayin ya gama, aka ji ƙarar dannawa, sai ɗan shuu. Sai ga ki, kamar kina bayan ƙofa:

«To kashe abin ga hakanan, wagga, ruwanki sun tahwasa.»

Zare ya ƙare.

Mushen ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba. Can ya ce in ina so in tafi da shi, zai san abin da zai faɗa. Na tambaye shi ko saurayin ya riga ya yi jarrabawarsa. Ya ce a'a, sati mai zuwa ne, kuma daga nesa ya ɗauko muryoyin yaran da ke ciki. Na roƙe shi ya mayar mini baya kaɗan in sake ji. Ya mayar, na ji. Sannan na ciro kaset ɗin da hannuna na miƙa masa, na ce a ajiye wa mai shi, a nesa da wuta.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Allah Ya sanyaya makwancinki, Ya haskaka shi, Ya yafe miki kurakuranki. Duk yaron da ya koyi harafi a hannuna, Allah Ya kai ladan gare ki kafin ni. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haɗa mu a Aljanna, inda zan zauna kusa da ke ki ƙarasa mini hirar nan. Amin.

Ɗiyarki ta fari,
Hajara