Asuwakin Azindoo

Zuwa ga ƙanwata Sanatu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara can Akara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke tashi in an yi ruwa.

Kin san kamfanin wutar hasken ranan nan ya share dajin kaɗanyarmu, har da guda bakwai ɗin da Inna ta ciyar da mu da mansu. Abin da ba ki sani ba, Azindoo ɗan kawunmu ne ya shige musu gaba, ya ce daji ne kawai, babu mai tsintar komai a ciki. Shi da ya girma yana lasar tukunyar Inna! An sharɗanta wa kamfanin duk itacen da ya sare ya dasa goma a madadinsa a bayan rafi, aka kuwa ba Azindoo aikin. Na je neman ko ban ruwa ne ya ba ni, ya dube ni a gaban mutane ya ce aikin ba na masu warin man kaɗe ba ne. Na haɗiye, amma wallahi ban yafe ba.

Ina zuwa itace ta wajen, sai na lura layin bakin hanya kaɗai ne dashen gaske. Na baya duk rassan dogon yaro ne yake sarowa yana cusawa a ƙasa, in sun bushe ya sake. Wata biyu na yi ban faɗa wa kowa ba, ina jiran ranar da mai duba aiki za ta zo daga Tamale.

Ranar Alhamis sai ga ta, tare da hakimi da manyan kamfani. Azindoo ya sha sabuwar riga, yana ta nuna musu layin gaba. Na ratsa ta baya, na zare reshe ɗaya da yatsu biyu, ba saiwa ko ɗaya, na durƙusa na miƙa mata na ce, “Hajiya, ga asuwaki.” Da kanta ta shiga ta zare fiye da goma.

An ƙwace aikin, an ba ƙungiyarmu ta mata, kuma kaɗanya za mu dasa. Kawu ya aiko wai na tozarta jinina. Na ce a gaya masa ko kaɗan ban huce ba, don kafin waɗannan su yi 'ya'ya na tsufa. Jiya Azindoo ya zo neman ban ruwa. Na ce ya fara shafa man kaɗe tukuna.

Ki gaishe da Napari, da Wumbei, da 'yar lelena Tipaga.

Yayarki,
Lamisi