An Rubuta Sanusi Ba Ya Nan, Alhali Yana Gonar Makaranta

Zuwa ga Shugaban Makarantar da ɗana Sanusi ke karatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan Malam yana lafiya tare da iyali.

Ni ce mahaifiyar Sanusi na aji uku, daga ƙauyenmu na bayan Rimaye. Na yi ta zuwa ofishinka ana ce mini ka tafi taro Kankia, shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani. Sai da furfura ta fara fito mini na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci. Hannuna ba ya sauri, amma na san abin da nake faɗa.

Na ɗaya. Takardar da kuka ba Sanusi cike take da kalma guda da jan biro: "absent". Na kai wa malamar ajinmu. Ta ce ma'anarta "ba ya nan". Ana rubuta wa ɗalibin da bai zo ba, da ma'aikacin da ya yi fashin aiki. Ta ce Turawan Ingila ma aro suka yi ta hannun Faransawa, tushenta harshen Latin ne, inda take nufin mutum ya yi nesa da wuri. Na tambaye ta ko ana rubuta wa wanda aka aika aiki. Ta ce ita ba ta taɓa ji ba.

Na biyu. Sanusi bai yi fashi ba. Ni nake tashinsa, ni nake yi masa ɗumame, a gabana yake fita da littattafai a hannu ɗaya, lauje a ɗayan. Laujen nan ku kuka ce ya riƙa zuwa da shi. Tun da kaka ta yi, malamin gona ke tsayawa a bakin ƙofa kafin a kaɗa ƙararrawa, ya tsince yara masu ƙarfi ya wuce da su gonar makaranta girbin dawa. Malamin aji kuma ya shiga ya kira suna, ya ji shiru, ya ɗauki jan biro. Ɗaki ɗaya malaman nan biyu suke zama, amma babu wanda ya ga ya dace ya gaya wa ɗan'uwansa. Yaran da ba su iya riƙe lauje ba duk an rubuta sun zo. Dawar tana ɗakin ajiyarku, Malam. Aljanu ne suka girbe ta?

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sakat. An ce ba za a sa sunansa cikin masu jarrabawar fita ba, saboda yawan fashi. Mahaifinsa ba ya karatu. Da aka fassara masa, ya ɗauka tasha yaron yake zuwa yawo, ya yi masa dukan da bai taɓa yi masa ba. Ya rantse in aka maimaita masa aji, mota zai sa shi zuwa Kano turin ruwa a wurin baffan yaron. Yaron da kuka ce ba ya nan, ku ne za ku sa ya tafi da gaske. Ni na san abin da rashin karatu ya yi mini, ba labari aka ba ni ba.

Ina roƙon a kira malaman biyu a gabanka, a ɗora ranakun girbi a kan ranakun jan biro, a gani ko sun saɓa. A goge, a mayar da sunansa, shi da sauran yaran. Kuma a aiko wanda zai gaya wa mahaifinsa gaskiya baki da baki, don maganata ya daina ji.

Ranar Litinin zan rako shi, ba tare da lauje ba. Zan tsaya a bakin taga lokacin kiran suna. Wanda zai rubuta kalmar nan, ya rubuta yana kallonmu.

Allah Ya yi maka jagora, Ya shirya naka 'ya'yan, Ya tsare su daga hukunci a kan laifin da ba su yi ba.

Wassalam.

Mahaifiyar Sanusi.