Amsar da Injiniya Ya Rubuta

Litinin

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Kada gabanki ya faɗi don kin ga takarda a hannun direba. Wayata ce ta mutu, ta tafi da lambobin kowa. Da ma ke kunnenki ba ya shiri da waya, sai in yi ta ɗaga murya kina cewa in maimaita, saboda haka na ce bari in koma biro.

Ni na kashe ta da hannuna. Ranar Alhamis otal ɗinmu ya cika da baƙi, zannuwan gado suka taru a ɗakin wanki har ba wurin taka ƙafa. Miya ta zube mini a rigar aiki, na tuɓe ta na jefa cikin inji tare da tawul-tawul, ashe wayar tana aljihu. Sai da inji ya gama juyi ya tsaya na ji wani abu yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Mai gyaran waya ya buɗe ta, ya dube ni, ya ce in yi haƙuri.

Na sayi wata ƙarama a wurinsa. Ya kwantar mini da hankali, ya ce hotuna da saƙonnin murya duk suna ajiye a akwatin imel ɗina, in dai na sa kalmar sirri komai zai dawo. Yaya, ban san ta ba. Injiniya ne ya buɗe mini akwatin a makon farko na aurenmu, Allah ya jiƙansa. Kin san halinsa, duk abin da yake da waya ko maɓalli ba ya bari in taɓa. Shekara tara ke nan ban taɓa rubuta kalmar da yatsana ba.

Aka ce za a turo lamba ta layin da aka yi rajista da shi. Layinsa ne. Shekara biyu da wata huɗu ba a sa masa kati ba, an riga an ba wani. Na daure na kira. Wani mutum ya ɗauka, ana jin ƙarar motoci a bayansa. Na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ya san irinmu, 'yan damfara, ya kashe. Ban ga laifinsa ba. Amma na daɗe a tsaye bakin shagon, don ban taɓa buga wannan lambar wata murya daban ta amsa ba.

Abin da ya rage shi ne tambayoyi biyu da aka ajiye don mai mantuwa irina. Ta farko, sunan dabbar da na fara kiwo. Ta biyu, inda muka fara haɗuwa da mijina. Dole a dace da duka biyun lokaci ɗaya, kuma ba a gaya maka wacce ka kuskure. In ka gwada sau uku sai a rufe sai gobe. Ina tuna ranar da ya cike su. Yana zaune a ƙasa ya jingina da gado, ina ninke kaya, yana ta murmushi shi kaɗai. Na tambaye shi abin dariyar, ya ce in ci gaba da ninkina.

Ta biyun ba ta dame ni ba, ai a tashar bas muka haɗu, ranar da ya riƙe mini lema. Ta farkon ce na zo roƙo. Kyanwar nan tamu mai fari da toka, wadda take kwana kan buhun gawayi, mene ne sunanta? Na sa Fara, na sa Kyanwa, na sa Mage, duk an ƙi. Ke kaɗai kika rage da kika san gidan da muka tashi.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Laraba

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Takardarki ta iso ni jiya, na karanta ta a tsaye tun ban cire takalmi ba. Na ji daɗi da ƙafa ta lafa. Ki riƙa ɗora ta kan matashi kamar yadda likita ya ce, ki bar wa yara shara.

Gwaggo! Wallahi na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta taga, don ta kwana biyu ba ta ji dariya daga ɗakina ba. Yanzu na tuna, ke kika raɗa mata sunan saboda yadda take harararmu in mun yi surutu, kuma muna ɓoyewa kada Baba ya ji mun sa wa kyanwa sunan yayarsa. Na tabbata na ba Injiniya wannan labarin, don har ya taɓa kiran wata kyanwar layinmu da shi. Ni mai labarin na manta, shi ya riƙe.

Na sa Gwaggo, na sa tashar bas. Aka ƙi. Na sa tasha kawai, aka ƙi. Na sa bakin titi, aka rufe.

Kwana tara ke nan haka nake. Da safe kafin in fita aiki nakan zauna bakin gado in yi gwaji uku, kamar mai shan magani. Na sa lema. Na sa ruwan sama. Na sa shagon mai shayin da muka fake. Na sa gidanki, tunda can ya fara zuwa gaisuwa. Yau kuma aka rubuto mini gargaɗi cewa an ga yunƙuri ya yi yawa, in aka ci gaba za a iya kulle akwatin gaba ɗaya. Shi ya sa na tsaya.

Kin tambaye ni me ke ciki da na ɗaga hankalina haka, tunda kina da hoton aurenmu a bango. Ba hotunan ba ne, Yaya. Muryarsa ce. Shi ba ya son rubutu, komai sai ya danna ya yi magana. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma tun da ya rasu ban saurari ko ɗaya ba. Nakan buɗe, in ga jerinsu, in rufe. Sanin suna nan ya ishe ni. Yanzu da ba su a hannuna sai na lura na fara rasa yadda yake faɗin sunana. Ina iya ganin bakinsa yana motsi, sautin ne ba ya zuwa.

A wurin aiki ba wanda ya sani. Waɗanda muka fara tare duk sun watse, sabbin 'yan matan kuwa Anti suke ce mini, su gaishe ni da ladabi, su koma hirarsu. Ni da dutsen guga muke yini. Rigar filo ɗari biyu nake gogewa kafin azahar, kuma hannu ya san aikinsa, ba ya bukatar kai. Sai kan ya tafi yawonsa, yana bin titunan da muka taɓa bi, yana neman inda na manta.

Akwatin kayan aikinsa yana nan ƙarƙashin gado. Na zazzage shi ko zan ga wata takarda da ya rubuta kalmar. Filaya, sukudireba, tef, guntayen waya, da wani biro da ba ya rubutu. Na mayar da komai yadda ya jera.

Allah ya bar mana ke.

Autarki

Lahadi

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na bi shawararki na nemi Dogo, abokin aikinsa, wanda suka yi shekaru suna ɗaukar tsani ɗaya. Rabona da shi tun kwanakin rasuwa. Na same shi a shagonsa ya baje fanka a kan tebur, furfura ta cika masa gemu. Ya share mini benci da hannun rigarsa, ya aika aka kawo ruwan sanyi. Da ƙyar na iya faɗin abin da ya kawo ni, don kunya nake ji a ce mace ta zo tambayar wani inda ta haɗu da mijinta.

Da na ambaci tashar bas sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, “Ashe bai taɓa gaya miki ba?”

Ga abin da ya ba ni labari. Wata biyar kafin ranar lemar, an kira su su biyu gyaran soket a otal ɗinmu, a ɗakin guga. Injiniya yana kan tsani, ni ina ƙasa ina aiki, na ba su baya. Wai ina rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, ban ko ɗaga kai ba, sai da na ce su yi sauri don dutsena ya huce. Aikin minti ashirin ya kai shi awa biyu. Bayan nan ya dawo sau uku shi kaɗai, yana cewa shugabarmu ya zo duba ko gyaran ya zauna, ba wanda ya kira shi, ba wanda ya biya shi. Duk zuwan nan bai iya ce mini uffan ba. Daga baya ya gano bas ɗin da nake shiga. Dogo ya ce lemar ma tasa ce, aro ya yi, kuma har yau ba a mayar masa ba.

Yaya, ina tuna an yi gyaran soket. Ina tuna ƙafafun tsani kusa da kwandon tawul. Fuskar mutumin da ke sama kuwa, ko kaɗan. Shekara bakwai muna ɗaki ɗaya, ina ba baƙi labarin tashar bas a gabansa, yana gyaɗa kai.

Ban jira na isa gida ba. A kan bencin na fito da waya. Na sa Gwaggo. Na zo zan rubuta ta biyun, Dogo ya tuna mini cewa mutumin nasa ba ya wahalar da kansa da ƙugiyar haruffa, kuma ba ya sa babban baƙi. Na rubuta yadda zai rubuta, dakin guga. Wayar ta yi ɗan jim, sannan ta ce in zaɓi sabuwar kalmar sirri.

Dogo ya koma kan fankarsa, ya yi kamar yana neman wani ƙusa a ƙasa, har na gama share fuskata.

Sauran bayani sai na natsu.

Ƙanwarki,
Auta

Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Na ga saƙonki, na gode da addu'a.

Komai ya dawo. Lambobi, hotuna, har da hoton wani mitar wuta da ban san dalilin ɗaukarsa ba. Na sa layina a madadin nasa, na rubuta sabuwar kalmar a takarda, ga kwafi nan a cikin ambulan, ki adana mini a akwatinki.

Sai da na kwana uku kafin na taɓa saƙonnin. Ranar Laraba da na dawo aiki, rana ba ta faɗi ba, na rufe ƙofa na zauna na danna na ƙarshe. Daƙiƙa tara ne. Ya ce, “Auta, na tsaya sayen ƙwan fitila, kada ki jira ni, ki ci abincinki.” Ana jin wani yana yi masa ciniki a gefe. Shi ke nan.

Na saurari wajen ashirin a jere. Duk irin wannan ne. Ya manta makulli. In cire kaya daga igiya hadari ya taso. In duba ko ya bar tef a kan taga. Babu wata magana mai nauyi ko guda, kuma ban so a ce akwai ba. Muryar ta fi yadda nake zato kauri, kuma yana jan ƙarshen sunana kaɗan, abin da na manta ke nan.

Amma zan gaya miki gaskiya, tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Na ɗauka in na ji shi ɗakin zai cika. Da na kashe wayar, shirun da ya biyo baya ya fi na kullum. Na ɗumama abinci na ci a tsaye. Washegari na shiga ɗakin guga, na kasa daina waiwayen bangon da soket yake, har wata cikin 'yan matan ta tambaye ni ko wuta ce ke ja na. Na ce mata a'a, gyaran ya zauna.

Tun rasuwarsa kike cewa in zo in yi kwana biyu, ina ce miki aiki. Ba aiki ba ne. Tsoro nake in ga gida cike da mutane, sannan in dawo nan. Jiya na je wurin shugabarmu na nemi hutun mako biyu, ta sa hannu ba ta ko tambaye ni dalili ba. Zan biyo direban nan ranar Asabar ta sama. Kada ki wahalar da ƙafarki da wani shiri. Ki dai sa a shimfiɗa mini a ɗakinki, kusa da gadonki, ta gefen kunnen da yake ji.

Sai na zo.

Ƙanwarki,
Auta